Zinare, Gishiri da Dalma: Darasin Kemistiri a Bakin Ramin Birnin Gwari

Duk ɗalibin da ya tashi a Kusasu, ko wani ƙauye na gefen dajin Birnin Gwari, ya san abin da ake nufi da ramin zinare. In bai taɓa shiga ba, to yana da wa ko aboki da ya shiga. Ya san ƙarar injin niƙa dutse, ya san kwanon da ake rairayar gari a bakin rafi, ya kuma san 'yar kwalbar zaibar da masu aikin ke ririta ta kamar ƙwai. Haƙar zinare ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa, domin tun zamanin Turawan mulkin mallaka ake tono shi a Tsohon Birnin Gwari.

Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, darasin nan na ɗaurin sinadarai, wanda malamin kemistiri ke zanawa a allo da 'yan ɗige-ɗige a ajin SS1, kuma da yawanku kuke haddacewa don WAEC da NECO kawai, shi ne ke bayanin kusan duk abin da ke faruwa a bakin ramin. Me ya sa ake tsintar zinare tsantsarsa a cikin dutse, amma ƙarfe sai an narka tama? Me ya sa gudumar da ta farfasa dutse ba ta farfasa zinare, sai dai ta baje shi? Me ya sa ƙurar wani dutsen ke kwantar da yaro ɗan shekara biyu, alhali mahaifinsa da ya niƙa dutsen yana tafiya garau? A wannan makon za mu bi waɗannan tambayoyi daga tushe.

Zoben waje shi ne kasuwa

Komai da kuke gani, daga allon aji har tuwon dare, an gina shi da ƙwayoyin zarra. Ƙanƙantarsu ta wuce misali: sai an jera ƙwayoyin zinare sama da miliyan 3 kafin su cika tsawon milimita ɗaya a kan rula. Kowace ƙwaya tana da cibiya mai ɗauke da caji irin na alamar tarawa da kuke gani a kan batir. Kewaye da cibiyar akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ake kira ilektiron, masu caji irin na alamar ɗebewa. Caji biyu mabambanta suna jan juna, iri ɗaya kuma suna ture juna. Ku riƙe wannan da kyau, don duk sauran bayanin a kansa ya hau.

Ilektiron suna zaune ne zobe-zobe. Zoben farko yana ɗaukar 2, na biyu 8, na uku ma, a matakin karatunku, 8. Na ciki ba ruwansu da kowa. Na zoben waje su ne ke fita cin kasuwa. Ƙwayar da zobenta na waje ya cika, irin su hiliyam da niyon da agon, zamanta take yi ita kaɗai, da ƙyar take haɗuwa da wani. Sauran kuwa suna haɗuwa da juna ta hanyar da za ta kai su ga cikakken zobe. A shekarar 1916 ne masana biyu, Gilbert Lewis a Amurka da Walther Kossel a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka fito da wannan bayani, kuma ɗige-ɗigen da malaminku ke zanawa na Lewis ne.

Wata 'yar gargaɗi a nan. Malamai kan ce ƙwaya tana "son" ta cika takwas, mu ma za mu faɗa don sauƙi. Amma ƙwaya ba ta da zuciya. Kamar ruwan sama ne da ke bin gangare: ba so yake ba, can ne kawai ya fi samun wurin kwanciya.

Mai bayarwa da mai karɓa

Mu fara da gishirin miya. Sodiyam yana da ilektiron 11, a jere 2, 8, 1. Kulorin yana da 17, a jere 2, 8, 7. Ɗaya yana da guda da ta yi masa yawa, ɗayan yana neman guda. Sai sodiyam ya miƙa, kulorin ya karɓa. Wanda ya bayar ya koma mai cajin tarawa, wanda ya karɓa ya koma mai cajin ɗebewa, daga nan sai su manne da juna. Ƙwayar da ta ɗauki caji haka ita ake kira ayon, ɗaurin kuma littafinku ya kira shi ayonik.

Ku dubi yadda ɗaurin ya sauya musu hali. Sodiyam shi kaɗai ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, a cikin mai ake ajiye shi, don in ya taɓa ruwa sai ya hau tafasa, wani lokacin har ya kama da wuta. Kulorin kuwa iska ce mai guba, wadda aka taɓa amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. Amma da suka haɗu, ga shi mun sami abin da ayarin raƙuma suka shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗaukowa daga Bilma zuwa kasuwannin ƙasar Hausa, abin da miya ba ta yiwuwa sai da shi.

A cikin ƙwayar gishiri ba bibbiyu suke zaune ba. Kowane sodiyam yana kewaye da kulorin shida, kowane kulorin yana kewaye da sodiyam shida, haka jerin yake tafiya ta ko'ina kamar bulo a gini. Shi ya sa sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Salshiyos kafin gishiri ya narke. Amma duk da wannan ƙarfin, taɓarya ɗaya ta ishe shi. Bugu yana gusar da layi ɗaya kaɗan, sai masu caji iri ɗaya su yi ido huɗu, su ture juna, ƙwayar ta tsage. Ruwa kuma yana shiga tsakaninsu ya raba su, kowane ayon ya kama yawo.

Kuna iya ganin wannan da idonku ko da makarantarku ba ta da ɗakin gwaji. Ku samo batir biyu ko uku na tocila, da ƙaramin ƙwan tsohuwar tocila, da 'yan wayoyi. Ku haɗa su, ku bar bakin waya biyu a buɗe. Ku cusa su a busasshen gishiri: ba abin da zai faru. Ku tsoma su a ruwan gishiri mai kauri, kusa da juna ba tare da sun taɓa ba: ƙwan zai kawo haske, ko da dishi-dishi ne. Ku gwada ruwan sukari, za ku ga bambanci. Ayon masu yawo ne ke ɗaukar lantarki, sukari kuwa ba ya rabuwa zuwa ayon. Da batir kaɗai ake wannan gwajin. Kada wanda ya kusanci wutar soket.

Katangar gida biyu

To, in duka ɓangarorin biyu masu neman ƙari ne fa, ba mai bayarwa? Sai su yi tarayya. Ku tuna katangar da ke tsakanin gida biyu: tubalinta ɗaya ne, amma kowane maigida yana lissafa ta a cikin katangun gidansa. Haka ƙwayoyi biyu ke ajiye ilektiron bibbiyu a tsakaninsu, kowa yana ƙirga su a nasa zoben. Wannan shi ne ɗaurin tarayya, wato kobalen. A ruwa, oksijin mai ilektiron 6 a waje yana tarayya da haidirojin biyu, ya cika 8, su kuma kowa ya cika 2.

Ga inda ɗalibai ke yawan faɗuwa a jarrabawa. Idan ruwa ya tafasa a digiri 100, ɗaurin da ke tsakanin oksijin da haidirojin bai tsinke ba. Tururi har yanzu ruwa ne. Abin da zafi ya raba shi ne 'yar raunanniyar jan da ke tsakanin curin ruwa ɗaya da maƙwabcinsa. Don haka kuskure ne a ce ɗaurin tarayya ba shi da ƙarfi.

Hujja tana nan a bakin rami. Farin dutsen nan mai sheƙi da ke ratsa duwatsun yankin kamar jijiya, wanda masu tono ke bi don a cikinsa zinaren yake, sunansa kwatz. Silikon ne da oksijin. Kowane silikon yana riƙe da oksijin huɗu, kowane oksijin yana riƙe da silikon biyu, haka saƙar take tafiya ba yankewa daga wannan gefen dutsen zuwa wancan. Duk wanda zai fasa shi, ɗaurin tarayya ne zai tsinka kai-tsaye. Shi ya sa yake karce gilashi, yake cinye haƙoran injin niƙa, kuma sai wajen digiri 1,700 yake narkewa. Shi ya sa kuma ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta narkewa. Tana zama tana yi wa huhun tabo, har bayan shekaru numfashi ya gagara.

Gandu

Ƙarafa nasu tsarin daban ne. A cikin curin zinare, ko tagulla, ko azurfa, kowace ƙwaya tana sakin ilektiron ɗinta na waje cikin taro, kamar yadda 'yan gida ɗaya ke noma gandu su zuba a rumbu ɗaya. Ba wanda zai ce wannan damin nawa ne. Ilektiron ɗin suna yawo ko'ina, su ne kuma ke riƙe ƙwayoyin gaba ɗaya. Wannan shi ne ɗaurin ƙarfe, wato metalik.

Daga nan halayen ƙarfe suka fito. Yana ɗaukar lantarki saboda ilektiron ɗinsa a sake suke, shi ya sa wayar wuta ta tagulla ce. In an buge shi, layukan ƙwayoyin suna zamewa a kan juna amma taron ilektiron yana biye da su, ba abin da ya tsinke, sai ya baje. Zinare ya fi kowa wannan hali: giram ɗaya ana iya buga shi ya zama falle mai faɗin kusan murabba'in mita ɗaya.

Wannan ilimi yana iya hana a cuce ku. Akwai wani dutse mai ruwan ɗorawa da ƙyalli da ake yawan samu tare da zinare, ana kiransa fairait. Ƙarfe ne ɗaure da farar wuta. Amma kama da wane ba ta wane. Ku ɗora shi a kan dutse ku buga da guduma: fairait zai ruguje ya zama gari mai duhu, zinare kuwa zai baje. Ɗaurinsu ne ya bambanta.

Sai tambayarmu ta farko. Baƙin ƙarfe hannunsa a sake yake, da ya haɗu da oksijin da damshi sai ya miƙa ilektiron, ya zama tsatsa. Shi ya sa a cikin ƙasa ake samunsa a matsayin tama, kuma maƙeran da suka gabata sai sun gasa tamar da gawayi, kabon ɗin gawayin ya ƙwace oksijin, sannan ƙarfe ya fito. Zinare kuwa yana zuba nasa a gandun danginsa, amma ba ya miƙa wa bare. Oksijin bai samu ba, ruwa bai samu ba. Zai yi shekaru miliyoyi a cikin kwatz ko a yashin rafi yana nan yadda yake. Tsadarsa ta samo asali daga ƙarancinsa da kuma wannan rowar.

Zaiba

A jadawalin sinadarai zinare ne na 79, zaiba ta 80, dalma ta 82. Maƙwabta ne a takarda, kuma a wurin tonon zinare ma sukan haɗu.

Zaiba ƙarfe ce, amma ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyinta sako-sako ne, har ta zama ruwa-ruwa a zafin ɗaki. In aka zuba ta a garin dutsen da aka rairaye, tana haɗa gandu da 'yan ɓurɓushin zinaren, ta bar yashi. Sai a matse a ƙyalle a sami ɗan dunƙule mai launin toka. Daga nan sai wuta. Zaiba tana tafasa a digiri 357, zinare kuwa sai 1,064 yake narkewa, don haka zaibar ta tashi, zinaren ya zauna.

Ina ta tafi? Ba ta ɓace ba. Ta zama tururin da ba shi da launi, ba shi da wari, kuma mafi yawan abin da mutum ya shaƙa yana wucewa daga huhu zuwa jini, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Rawar hannu, mantuwa, saurin fushi da ciwon dasashi suna cikin alamominta. Wanda ya ƙona dunƙulen a ɗaki ko a murhun girki, da shi da matarsa da jaririn da ke goye duk sun sha. Wadda ta zube a rafi kuma, wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin laka suna ɗaura mata kabon da ɗaurin tarayya. Sabon sinadarin yana taruwa a jikin kifi, ya dawo cikin miya. Irin wannan guba ce ta addabi garin Minamata na ƙasar Japan, inda aka gano cutar a 1956, kuma sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan taƙaita amfani da zaiba, wadda Nijeriya ta sa wa hannu. Akwai 'yar rufaffiyar tukunya mai bututu da ake ƙona dunƙulen a ciki, tururin ya huce ya koma zaiba a sake amfani da ita. A ganinmu duk mai wannan sana'a ya kamata ya mallake ta, ko don kuɗin zaibar da zai rage kashewa.

Dalma, wadda ta shigo da rigar wani

Nan ne maganar ta fi nauyi. Ita dalma ba ta da rowar zinare. A cikin dutse ana samunta ne ɗaure da wani, galibi da farar wuta, a wani dutse mai nauyi da ƙyallin toka-toka da ake kira galina. Jerin ƙwayoyinsa irin na gishiri ne, shi ya sa in ya fashe yake ba da 'yan gutsattsari masu kusurwa huɗu. Sama da kashi 86 cikin 100 na nauyinsa dalma ce. Da yawanku kun san shi ba ku sani ba, domin shi ake niƙawa a yi wani nau'in kwallin gargajiya. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma mai yawa a jinin wani jariri, da suka bi sawu sai suka tarar kwallin da aka kai daga Nijeriya ake sa masa. Ba kowane kwalli ne haka ba, amma na dutse mai ƙyalli bai dace da idon jariri ba.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ake kira Na-gari Na-kowa, ta lura yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka gano har da Bagega. Yara sama da 400 suka rasu. Dutsen zinaren da ake kawowa cikin gidaje ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin, ana shanya shi a tsakar gida, cike yake da dalma. A 2015 abin ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Birnin Gwari, inda yara 28 suka rasu a ƙauyuka irin su Shikira. Ba kowane dutsen zinare ke da dalma mai yawa ba. Matsalar ita ce ido ba ya tantancewa.

Ga yadda ɗauri ya shigo ciki. Masu binciken da suka auna dutsen Zamfara sun tarar iska da ruwan shekaru aru-aru sun riga sun sauya yawancin galinar, dalmar ta saki farar wuta ta koma ɗaure da kabonet, dangin abin da ke cikin kanwa. Wannan ɗaurin ba ya jure ruwan tsamin da ke cikin tumbin mutum. Yaro ya yi rarrafe a ƙurar, ya kai hannu baki, tsamin ciki ya kwance ɗaurin, dalma ta fito a matsayin ayon mai cajin tarawa biyu.

Yanzu ku duba kalsiyam, wanda jiki ke gina ƙashi da haƙori da shi, kuma jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da shi. Ilektiron ɗinsa 20 ne, a jere 2, 8, 8, 2. Yana ba da biyu, ya zama ayon mai cajin tarawa biyu. Cajinsu ɗaya da dalma, girmansu ma bai yi nisa da juna ba. Sai jiki ya buɗe wa dalma ƙofar da ya tanadar wa kalsiyam. Ta zauna a kujerarsa amma ba ta yin aikinsa. Jikin ƙaramin yaro kuwa yana cikin gini, yana yunwar kalsiyam, don haka, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da babba. Wanda abincinsa ke da ƙarancin kalsiyam da sinadarin ƙarfe ya fi tsotsa. Amai, ciwon ciki da farfaɗiya su ne ake gani in ta yi yawa. In kaɗan ce ba a ganin komai, sai dai yaron ya taso karatu yana yi masa wuya, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi.

Maganin da likitoci suka yi amfani da shi a Zamfara shi ma ɗauri ne. Sunansa sakzima, ana kuma rubuta shi DMSA. Kowane curinsa yana ɗauke da ƙwayoyin farar wuta biyu, kuma kun riga kun ga dalma da farar wuta tsofaffin abokai ne tun daga cikin dutse. Maganin yana kama ayon ɗin dalma da waɗannan hannuwa biyu, ya riƙe, ƙoda ta tace su tare su fita a fitsari. Dubban yara aka yi wa wannan magani. Sai dai yana rage dalmar da ke jini ne kawai, ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa, kuma in yaron ya koma gidan da ƙurar take, jininsa zai sake cika. Shi ya sa kafin a ba da magani a ƙauye sai da aka kankare ƙasar saman tsakar gidaje aka kwashe ta, aka zuba sabuwa.

Bayan haka aka koma kan masu tonon kansu, a Zamfara da Neja, da matakan da ba su buƙatar kuɗi mai yawa: a fitar da daka da niƙa daga cikin gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, kada a niƙa hatsi a injin da ya niƙa dutse, kada buhun da ya ɗauki dutse ya ɗauki masara. Mai aiki ya yi wanka ya sauya kaya da takalmi a wurin aikin kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa, mata masu ciki da ƙananan yara kuma kada su je wurin ko da kai abinci ne.